Yaya Idi da kaset ɗin kasuwar Urafan

Ban ko buɗe shago ba labarin ya iske ni. Ina duƙe ina fama da kwaɗon ƙofa, mai shayin kan kwana ya zo ya tsaya a bayana, ya rasa ta inda zai fara. Can ya ce, "Malama, sai haƙuri. Idi Manyeto ya cika da asubar nan."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na juya na dubi ƙofar da ke jikin tawa, a rufe. Tun da na kama shagon ɗinki a bakin kasuwar Tasawa ban taɓa riga shi buɗewa ba. Kullum in na iso ya share gabansa, ya share nawa, ya yayyafa ruwa.

Kun san ni, ba na yawan rubutu a nan. Barka da Juma'a ce, sai hoton ɗinki. Yau ku yi haƙuri da ni, zan yi tsawo, don akwai abin da mutumin nan ya yi wa gidanmu da nake so a sani kafin a kai shi makwancinsa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Yaya Idi mai gyaran rediyo ne. Bangon langa-langa ɗaya ya raba shagonsa da nawa. Abokin yayana Sallau ne tun suna samari, shi ya sa nake ce mashi Yaya. Shi kuwa Malama yake ce mani, don ya san allo na yi, kuma ya san in ya ƙara muryar rediyo zan ƙwanƙwasa bangon da almakashi. Sai ya rage, ya ɗaga murya ya ce, "An ji, Malama, an tuba."

Shi ke sa wa kekena mai ban roƙe shi ba. Lokacin da na yi takabar maigidana, shi ya riƙa karɓar kayan mutane yana ɗaurewa cikin leda, kowa da nasa, har na fito. Allura ɗaya ba ta ɓata ba.

Sunan Manyeto kuwa ya samo shi tun shekarun fari, zamanin mulkin soja, ina yarinya a Maijirgi. Gwamnati ta aiko wa samarin Tasawa kayan kiɗa: jita, gangunan Turawa, piyano mai aiki da wuta, da manyan lasifika. Suka kafa orkes, wato ƙungiyar makaɗa. Sunan da aka raɗa masu a ofis ba wanda ya riƙe. Kowa Ƴan Dogon Zango yake ce masu, don waƙarsu ɗaya sai mace ta ɗora tukunya ta sauke ba su kai ƙarshe ba.

Kumanda mai mulkin yankin ya ba da umarni su riƙa bin kamyo, babbar motar rabon hatsi, kasuwa-kasuwa, su yi wa mutane waƙar kada a bar gida, a shuka itace, a yi haƙuri. Suna faɗin saƙon kumanda tun a baitin farko, su sauke nauyi, sannan su shiga abin da ya kawo su. Piyano ya fara shi kaɗai kamar iska cikin karan dawa, jita ta biyo, kalangu ya shigo ya canza tafiyar gaba ɗaya. Mutane su yi tsammanin an gama su fara tafi, ashe sabon zango aka ɗauka.

Yaya Sallau ke riƙe da jita.

Yaya Idi bai iya kaɗa komai ba, ko tafi yakan saɓa. Sai ya sayar da kekensa na hawa ya sayi manyeto, injin ɗaukar murya da kaset, ya riƙa hawa bisa buhuna yana bin su. Aikin da suka ba shi shi ne zuba esansi, wato fetur, a gurup, injin da ke ba su wuta, da riƙe waya kada ta zare. Ɗaukar kiɗa shi ya ɗora wa kansa.

Amma bai taɓa ajiye manyeton gaban makaɗa ba. Can baya yake kai shi, gindin itace, wajen da mata ke zama, ya danna ya koma kan gurup, sai lokacin juya kaset ya sheƙo da gudu. Ƴan orkes su yi ta yi mashi faɗa. "Idi, kiɗa muka ce ka ɗauka ko hirar mata?" Ya ce, "Kusa da lasifika injin ga kuka yake. Kuma kiɗan da ba a ji mutane cikinsa ba, wa aka yi wa?"

Yanzu bari in faɗi abin da ya shafe mu.

Yaya Sallau ɗan fari ne. Wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san abin da hakan ke nufi a wancan zamani. Innarmu ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta dubansa ido da ido, a ɗakin kaka ya girma. In za ta ambace shi sai ta ce "yaron can". In ya zo gaisuwa ya durƙusa a ƙofar ɗaki, ni take juyowa ta ce, "Ki ce mashi akwai fura a ƙwarya."

Gidanmu kuma gidan malamai ne. Da ya ɗauki jita gari ya ɗauki magana, wai ɗan gidan allo ya koma maroƙi. Ranar da orkes ya zo kasuwar Maijirgi, Inna ta shiga ɗaki ta saki asabari, ba ta fito ba sai da kamyo ya tashi. Yana kaɗawa yana duba cikin mata, bai gan ta ba.

Fari ya ƙara tsanani, orkes ya watse, kowa ya kama gabansa. Yaya Sallau ya yi kudu neman abinci. Kafin ya dawo Inna ta rasu.

Kunyar ɗan fari da fushin uwa, in ka tsaya daga waje, duk shiru ne. Shi ya ɗauka fushi ne. Wata gwaggonmu, Allah ya yafe mata, ta ƙara mashi da cewa baƙin cikinsa ne ya kwantar da ita. Ya same ni, ni da na yi jinyarta, ya ce, "Ta ambace ni?" Allah ya sani na so in ce e. Ban iya ba, don ba ta ambace shi ba.

Tun daga ranar bai sake taka Maijirgi ba. Ba biki, ba suna, ba gaisuwar mutuwa. Ya zauna Tasawa yana sayar da goro, ya yi aure, ya yi jikoki, gemu ya yi fari, amma in aka ce Maijirgi sai ya tashi ya ce zai duba wani abu. Ya ce garin da uwarsa ta kwanta tana fushi da shi, da wace ƙafa zai shiga?

Yaya Idi ya sha gaya mashi. "Sallau, na gan ta a Urafan ranar kasuwa. Ta zauna kusa da manyetona ta ja mayafi. Da muka haɗa ido ta ɗora yatsa a baki." Yayana ya yi murmushi ya ce, "Idi, na san kana sona. Bar shi haka nan. Mi zai kai Inna Urafan?"

Ni dai na tuna akwai lokacin da ta bi ƙawarta Iya Dije sayar da tabarmi wata kasuwa mai nisa har suka kwana, amma ban san wace kasuwa ba ce, kuma Iya Dije ta riga mu gidan gaskiya. Abin da ban tabbatar ba ban faɗa ba.

Kaset ɗin fa? Tun watsewar orkes Yaya Idi ya zuba su cikin akwatin ƙarfe ya ajiye ɗakin yayarsa a wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe. Aka yi ƙaura, aka yi gyare-gyare, aka ce akwati ya ɓata. Sai waccan damina ruwa ya kayar da wani tsohon bango, ga akwati a ƙarƙashin tarkace.

Ranar da ya kawo shi kasuwa kamar an yi mashi haihuwa. Yana ta kiran mutane su zo su gani. Da aka buɗe, kaset suna nan cike, sai dai gara ta cinye takardun jikinsu tas. Ba mai sanin wanne ne na ina.

Da la'asar ya leƙo shagona ya tsaya bakin ƙofa, hannu a baya, kamar mai neman aure.

"Malama, alfarma na zo nema."

"Yaya Idi, in aljihu ne ya yage kawo."

"Kunne na zo aro. Nawa ya tsufa, ɗaya ma ya yi ritaya. Kuma muryar Inna ke kika fi kowa saninta. Ban ce tana ciki ba, don ban ji ta yi magana ba. Amma ta zauna kusa da injin, kuma Dije na gefenta, Dije kuwa ba ta barin mutum ya yi shiru."

Na ce, "Ka san tun da na yi aure ban zauna sauraren kiɗa ba."

Ya ce, "Ai ba kiɗa za ki saurara ba, mutane za ki saurara. Kiɗan ki bar mani zunubinsa, na saba."

Na kwana ina juya maganar. Da safe na ba shi sharaɗi: in aka kira salla a kashe, ranar Juma'a ba a kunnawa, kuma ni daga shagona zan ji, ina aikina. Ya ce ya yarda. Kafin azahar ya huda langa-langar ya zuro ƙaramar lasifika ya rataye saman kekena, ko izini bai nema ba.

Yaya Idi ba ya sa kaset gudu. Ya ce sun girmi ɗana na fari, in aka tilasta masu sai su tsinke. Da bik, biron rubutu, yake naɗe su a hankali, wanda ya manne ya lallaɓa shi, wanda ya tsinke ya haɗa bakin da jan farce. Dattijo mai furfura ya je wurin masu kayan kwalliya yana zaɓen jan farce, kasuwa ta samu abin dariya na sati guda. Don haka kowane kaset sai mun ji shi daga farko har ƙarshe, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kasuwa ta lafa.

Jama'a, ni abin da na riƙe na shekarun nan yunwa ce, da layin hatsi, da shanu kwance bakin hanya. Ban san an yi dariya haka ba.

A wani kaset jaki ya yi kuka daidai inda kiɗa ya yi ƙasa, mai ganga ya amsa mashi da irin muryarsa, fili ya kece. A wani esansi ya ƙare tsakiyar waƙa, gurup ya mutu, jita da piyano suka yi tsit, sai mutane suka ɗauka da tafi, mai kalangu ya riƙe su, suka kai waƙar har gida da bakinsu. Mutanen da wataƙila ba su karya ba tun safe.

Kafin wata guda gaban shagunanmu ya zama dandali. Wata tsohuwa Bafulatana mai kawo nono ta ji muryar mijinta marigayi yana gardama da wani kan igiyar maraƙi, ta ajiye ƙwarya ta ce, "Shi ne, wallahi! Ko a nan ma bai yarda an fi shi gaskiya ba." Ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane. Ranar kowa ya sha nono kyauta.

Wani Alhaji da ake ji da shi a unguwarmu, ba zan faɗi suna ba, aka ji shi yana ihu, "A ƙara! Kada a tsaya!" Ya gyara babbar riga ya ce, "Wannan ƙanena ne, muryarmu ɗaya." Yaya Idi ya ce, "Alhaji, ƙanenka lokacin ana goyonsa."

Ni kuma ina ɗinki ina kasa kunne can bayan kiɗan, inda mata ke hira. Wata rana ya leƙo ta hudar bango ya ce, "Malama, keken nan naki ya shiga orkes ne?" Na duba, ashe ƙafata na taka keken daidai da kalangu. Na ce, "Yaya Idi, ɗinki nake." Ya ce, "Na gani. Ɗinkin ma ya canza zango."

Kunya ta hana ni ɗaga kai har la'asar.

Waƙoƙin sun fi fuskar kaset tsawo, don haka kowanne akwai inda zai yi ƙwas ya yanke, sai an juya. Abin da aka kaɗa kafin Idi na wancan lokaci ya iso ya juya, ya tafi ke nan. Duk sanda aka zo wurin sai ya ce, "Nan ne Sallau ya fi iyawa, Allah bai nufa ku ji ba."

Yaya Sallau kuwa ya ƙi zuwa. Ya canza hanya, yana bi ta wancan gefen titi da faifan goronsa. Sau ɗaya na hango shi bayan dogon yaro ya tsaya, yatsunsa na motsi a bakin faifan. Da ya ga na gan shi ya wuce.

Rani ya shiga, akwati ya yi rabi, ba Inna. Na fara cewa a raina mun tayar wa dattijo da tsohon ciwo a banza.

Sai wata Laraba. Yaya Idi ya saka wani kaset mai fasasshen gefe, mai gabatarwa ya buɗe baki ya ce yana gaida mutanen Urafan. Na ɗauke ƙafa daga keke. Yaya Idi ya zagayo ya tsaya bakin ƙofata, ya juyo da kunnensa mai aiki.

Mata na hira. Yarinya na tallan gyaɗa. Jariri na kuka ana jijjiga shi. Kiɗa ya yi zango ɗaya, ya shiga na biyu, ba komai. Kaset ya kusa cinyewa sai na ji wata dariya mai kama da ana zuba tsakuwa a kwano. Iya Dije ce, ko cikin barci na san ta.

Sai wata murya a hankali, dab da injin:

"Dije, matsa kaɗan, kanki ya tare mani."

Almakashi ya faɗi daga hannuna.

Iya Dije ta ce, "Au! Ba ke kika ce ba ki kallo..." Ƙwas. Kaset ya ƙare.

Na ce, "Ita ce. Yaya Idi, ita ce! Juya!"

Ya ciro kaset ɗin ya riƙe shi a ƙirji. Ya ce, "Ba ni juyawa sai Sallau na nan. Je ki kira shi."

Na ce, "Mu fara ji mana. In ba komai a bayan fa? In kuma abin da ta faɗa ba mai daɗi ba ne? Ka san abin da zai yi mashi."

Ya ce, "Na sani. Amma uwarsa ce. Ba mu za mu tace mashi maganarta ba, in mun tace ba zai yarda ba. Kowace iri ce mu ji tare."

Ban san na fita ba takalmi ba sai da ƙasa ta ƙone ni. Na iske shi yana yayyafa wa goro ruwa. Duk abin da na shirya a hanya ya gudu, na ce, "Yaya, Inna na shagon Idi."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya rufe goron da algarara ya biyo ni.

Ya tsaya bakin ƙofa ya ƙi zama. Yaya Idi ya mayar da kaset baya kaɗan da bik, ya saka. Da muryar ta ce "Dije, matsa kaɗan", yayana ya sulale ya zauna a ƙasa, cikin wayoyi da matattun rediyo. Mutane suka taru a bakin shagon.

Aka juya.

Jita ce ita kaɗai, sauran duk sun yi shiru sun bar mata fili. Tana hawa tana sauka kamar mai lallashin wani. Iya Dije ta ce, "Ga ɗanki can ya hana mutane numfashi."

Inna ta ce, "Ni ban san kowa ba nan. Tabarmi na zo saidawa."

Matan gefe suka yi dariya. Jita ta ci gaba. Can Inna ta ce, kamar da kanta take, "Ya rame. Ba su ba shi abinci ne?"

"Wa ke da ƙiba bana?"

"Dubi yatsun. Na babana ne, haka yake riƙe alƙalami."

Aka ɗan jima, sai motsin zane dab da injin. Ta ce, "Ungo kallabin ga. A ɗaura mashi bisa wuyan abin nan nashi."

"Ni? Ai zai gane ni."

"Ba yarinyar can mai gyaɗa ta kai. Kada ta kuskura ta ce ni ce."

"Ke kuma ki koma gida kai ba ɗauri?"

"Ina da mayafi. Ke dai tahi." Can ta ce, "Allah shi yi ma yaron can albarka. Allah shi tsare mani shi duk inda ya sa ƙafa."

Jim kaɗan fili ya ɗauki sowa, alamar yarinya ta isa. Sai guɗar Inna ta tashi a bakin injin, mai ƙarfi har lasifika ta yi ƙara. Na zauna da Inna tun haihuwata har na rufe mata ido, ban taɓa jin ta yi guɗa ba, ko a gidan biki.

Yayana ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemu. Can ya ce, "Kallabin shuɗi ne. Mai ɗigon fari."

Sai Yaya Idi ya dafe ciki ya fashe da dariya, har ya jingina da bango. "Budurwar Urafan! Jama'a, wanga mutum ya hana mu sakat cikin kamyo, wai wata mai gyaɗa ta mutu a kansa! Har turare yake sa ma kallabin! Har cewa ya yi in an yi ruwa zai koma neman gidansu!"

Yaya Sallau na kuka yana dariya, ya ɗauki wata tsohuwar pil, batirin rediyo, ya jefe shi da ita. "Kai dai Allah ya shirye ka, Idi." Kasuwa ta kaure, masu dariya na yi, masu share ido na yi. Ni na rasa ɓangaren da zan shiga, na yi duka biyun.

Da aka lafa yayana ya ce, "Ƙara." Aka ƙara. Ya ce, "Ƙara." Har aka kira la'asar. Ranar ni ce na manta da sharaɗina, Yaya Idi ne ya kashe ya ce, "Malama, an kira."

Yayana na tashi yana kakkaɓe riga na ji yana maimaitawa a hankali, "Yaron can. Yaron can."

Juma'ar da ta biyo suka shiga mota su biyu suka tafi Maijirgi. Yaya Idi ne ya ba ni labari da suka dawo. Ya ce sun tsaya bakin maƙabarta yayana ya yi addu'a mai tsawo, har shi Yaya Idi ƙafarsa ta gaji ya zauna. Daga nan suka bi gida-gida, tsofaffi na taɓa fuskarsa suna cewa ashe kana raye. "Malama, yayanki ya ci tuwon gida uku, ya ce a zuba mashi na huɗu a leda. Ni da na raka shi ko ruwa ba a tuna da ni ba." Tun daga nan kusan kowace Juma'a can yake salla.

Yaya Idi bai tsaya kan namu ba. Ya koyi ɗora wayar salula gaban lasifika yana ɗauka yana tura wa mutane. Na san da yawa cikinku kun samu. In kun ji wani tak-tak-tak a bayan kiɗan da ba na orkes ba, kekena ne, ku yafe mani.

Shekaranjiya da yamma muka rabu da shi. Ya kawo rigarsa aljihu ya yage, ya zauna kan benci yana jira, yana shafa ƙirji. Na ce ya je asibiti. Ya ce sai bayan kasuwar Mayahi, akwai wani tsoho da zai zo daga can, yana zaton muryar matarsa na cikin wani kaset. Ya nuna akwatin da haɓa ya ce, "Malama, saura da yawa. Akwai iyayen mutane cikin akwatin ga, suna jira a zo a ɗauke su."

Na ce, "In Allah ya kai mu."

Ya sa rigar, ya zura hannu a aljihun ya gwada, ya ce, "Wannan ɗinki sai ya fi ni daɗewa." Na ce ya bar irin wannan magana. Ya yi dariya ya ja ƙofarsa.

Ɗazu Yaya Sallau ya kira ni daga gidan rasuwar. Shi zai yi mashi wanka, iyalan sun yarda. Ya ce, "Da Idi bai kai injin nan wajen mata ba, da na mutu ina tsoron haɗuwa da uwata." Ya ce in gaya wa tsohon Mayahi ya zo ranar da suka yi da Idi, shi zai zauna ya juya mashi kaset.

Za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansa.

Ya Allah, bawanka Idi ya zo gare ka. Ka gafarta mashi abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya shi, ka sa ya ji kira mai daɗi ranar da za a kira kowa. Ya mayar da ɗa ga uwarsa bayan ƙasa ta raba su, ya Allah ka sada shi da nasa iyayen cikin rahamarka. Ka ba iyalansa haƙuri, ka jiƙan Innarmu da Iya Dije da duk muryoyin da ke cikin akwatin nan.

Ku da kuka karanta har nan, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, ina roƙonku ku ɗaga hannu ku karanta mashi Ƙulhuwallahu kafin ku wuce. Wanda kuma uwarsa ke raye, in ya gama, ya kira ta.